Bangon da awaki sunka lashe

Ɗiyata ta fari tana Italiya. Mijinta ya fara tafiya, daga baya ya aiko ta bi shi, kuma can sunka haifi yarinya guda. Aikin ɗiyar tawa kula da wata tsohuwar Baturiya ne: ta yi mata wanka, ta ba ta abinci, ta tura ta cikin keke su sha iska. Na ce mata, "Kin bar taki tsohuwar tana wanka da kanta, kin tafi wanke ta wasu." Ta yi dariya, ni ma na yi, don kwanon da ke bisa ɗakina daga wankan nan ya fito.

Abin da ya dame ni yarinyar ce. In sunka kira ni a salula mai hoto, uwar ta jawo ta gaban gilashi ta ce, "Gaida kaka." Sai ta ce "ina kwana" ko da rana ta kusa faɗuwa, ta sunkuyar da kai, ta gudu. Hausarta ke nan duka. Ni kuwa ina da jikoki nan gida masu sace mani goro, masu ɓoye mani takalmi, masu ce mani tsohuwa mai haƙori ɗaya. Haka jika ke yi da kaka, in ba a yi haka ba to ba a san juna ba. Wagga ita kaɗai ke girmama ni kamar wata malamar likita, kuma girmamawar nan ce ke ci mani rai.

Sai ga labari za su zo da sanyin ɗari, lokacin hutun lakkol, wato makarantar bokon yarinyar, kuma ba za su daɗe ba. Na zauna na yi tunani. Yarinya za ta zo baƙuwa ta koma baƙuwa, ni kuwa shekaruna ba na jiran zuwa na biyu ba ne. Na kira uwar na ce, "Gaya mani gaskiya, mi ɗiyarki ke so? Nama? Nonon awaki? Awarwaro?"

Ta ce, "Inna, zane. Tun da lakkol ta kai su tsohuwar cocin garinmu sunka ga bango, ba ta da aiki sai zane. Bari in na kai tsohuwata can in nuna maki."

Ta kuwa nuna mani. Wata safiya ina tsintar wake ta kira, ta juya salula tana tafiya a hankali cikin wani ɗaki mai tsawo kamar a ɗora masallaci bisa masallaci. Ban taɓa shiga coci ba kuma ba ni da niyya, amma ido ba shi da laifi. Daga ƙasa har sama babu inda anka bari fari. Rufin shuɗi ne da taurari. Bangon kuwa an raba shi gida-gida kamar fangalin albasa, kowane gida da abin da ke faruwa ciki.

Ta fara yi mani bayani, na ce ta yi shiru. Ga jirgi bisa ruwa, dabbobi na leƙowa ta taga, tsuntsuwa da ganye a baki. Wa zai gaya mani ruwan Ɗufana ne? Ga samari tsaye bakin rijiya suna tura ƙaraminsu ciki, ɗaya ya kau da kai. Gida na gaba ga su sun miƙa wa tsoho riga da jini, tsohon ya dafe kai. Wallahi sai da na aje tiren wake. Na sha jin wannan ƙissa wurin tafsiri, amma ban taɓa ganin yadda kafaɗar uban ta faɗi ba sai ranar. Can kuma mace bisa jaki rungume da jariri, namiji gaba shina jan igiya.

Na ce, "Jakin nan wanda ya zana shi ya san jaki. Dubi kunnen, ɗaya gaba ɗaya baya. Amma wancan mi ne ne?"

Ta ce, "Raƙumi ne, Inna."

Na ce, "Ƙarya ne. Doki ne ya haɗiye tulu." Na yi dariya har na ƙware. Mutumin bai taɓa ganin raƙumi ba, labari anka ba shi, ya yi iya ƙoƙarinshi. Da ya zo kasuwar Filinge sau ɗaya da ya huta.

Ɗiyata ta ce an yi zanen nan tun kafin kakannin kakanninmu su sauka Kurfai, kuma an yi shi ne don talakawan da ba su iya karatu ba, su shigo su ɗaga kai su gani. Wannan maganar ta shige ni. Ni sai da na aurar da autana na shiga karatun manya. Mafi yawan rayuwata in anka miƙo mani takarda sai in juya ta kamar faifai. Ashe can wata ƙasa an taɓa tunawa da irina, anka yi masu littafi da bango. Ta ce kuma kafin wannan bango masu zanensu mutum tsaye suke yi ƙiƙam kamar taɓarya, daga nan ne na baya sunka riƙa zuwa daga garuruwa suna zama suna koyon yadda ake sa mutum ya duƙa, ya yi kuka, ya waiwaya.

Na tambaye ta yadda anka yi launi bai tashi ba. Ta ce an gaya wa yara tun yaɓe shina ɗanye ake zanawa. Mai aiki ya yaɓa iya inda zai gama kafin ya bushe, ya zana, gobe ya ƙara wani. Bango ya sha launin su bushe tare. Na ce, "To ai wannan aikinmu ne." Muna ƴan mata mu ke yi wa amare yaɓen ɗaki, mu bi da yatsa da farar ƙasa tun da ɗanye, mu yi ƙafar kaza, mu yi igiyar ruwa. Siminti ne ya kashe abin. Na ce, "Mi suke gamawa cikin yaɓen?" Ta ce wannan kam ba ta sani ba.

Ranar na yanke shawara. Ba ni da bakin da zan yi wa jikanyata magana, amma ina da bango.

Ƙanena shi ne ladanin unguwarmu, sai na fara da shi don kada in ji magana daga baya. Na ce zan yi zane a bangon ɗakina. Ya ce, "Yaya, da tsufanki? Annabawa za ki zana kamar Nasara?" Na ce, "Allah shi kiyaye. Ni wa ce ce? Rijiyar gidanmu zan zana, da jakin marigayi mijina." Ya ce in dai mutane ne kada in yi masu fuska. Na ce, "Ko ka ce in yi ban iya ba."

Mai taimakona aminiyata ce, maƙwabciyata tun muna amare. Ƴar bori ce, gidansu ba su bar na gargajiya ba, kuma mun fi shekarun da zan iya tunawa muna zagin juna a kan haka ba wadda ta canza. Ita ta ɗebo jar ƙasa daga gindin dutse, ni na jiƙa farar ƙasa, munka kankaro kunkunniya daga gindin tukwane don baƙi, munka sayo bula ta wanki don sama. Da munka zo kwaɓa yaɓe sai na tsaya. Nasu ya yi ɗaruruwan shekaru bai tashi ba, lalle akwai abin da suke sawa.

Aminiyata ta ce, "Ke ma da neman wahala. Mi ake sa wa abu in ana so ya kama? Wake in ya ƙi nuna mi kike sa mashi? Taba fa? Masu rini fa?"

Na ce, "Kanwa."

Ta ce, "To Turawa sun fi kanwa ne?"

Akwai buhun kanwa da ɗana ya sayo Baleyara. Munka daka, munka zuba cikin yaɓe, munka zuba cikin launi, ba da rowa ba. Ku lura, don bisashe, awaki da tumaki, anka sayo kanwar nan. Mu biyu da furfurarmu, kowace ta yi kiwo tun tana yarinya, babu wadda abin ya faɗo wa a rai.

Munka yi yadda ɗiyata ta ce. Da safe in yaɓa iya faɗin tabarmar salla, in zana da gashin kaza da tsumma kafin rana ta taso mashi. In na yi nawa ya bushe, launi ya zauna bisa kamar hoda, sai in kankare in sake. Gida na farko rijiyar da kakan yarinyar ya gina, da gawon da ke kanta. Na biyu gona, hatsi ya fi mutum tsawo. Na uku rumbuna. Na huɗu mace bisa jaki da jaririya, namiji shina ja: ni ce da uwar yarinyar, ranar da munka kai ta likita Filinge tana zazzaɓi ta warke. Wannan kam daga bangon cocin na sato shi, har kunnen jakin, ban ji kunya ba. Sai shuɗiyar motar da ta kai uwar yarinyar Yamai, sai jirgin sama. Na ƙarshe na bar shi fili don ban san mi zan sa ba. Bisa duka na shafa bula na ɗiga taurari da farar ƙasa.

Aminiyata ta dubi jakina ta ce, "Ke da kike yi wa Bature dariyar raƙumi, wannan kare ne ko ɗan maraƙi?" Na ce ta je iskokinta su zana mata wanda ya fi shi.

Kullum in mun tashi aiki sai mu jingina zana mu rufe bangon, don kada yaran gida su sa hannu, kuma don kada labari ya riga baƙi. Ranar da za su iso na tashi da sassafe na kwashe zanar duka. Na ja da baya na duba. Rana ta faɗo bisa shuɗin nan, wallahi ni kaina na yi mamakin kaina. Na ɗaura zanena na fita unguwa, gidan duk munka hau amalanke zuwa tashar Filinge tarbo. Aminiyata ma ta biyo mu, wai ba za a ba ta labari ba. Lokacin an gama girbi an saki bisashe, kuma ƙofar gidanmu kara ce.

A tasha ɗiyata ta faɗa jikina muna kuka muna dariya. Yarinyar na bayanta riƙe da gefen rigarta. Doguwa, da idon kakanta namiji sak. Uwar ta turo ta, ta miƙo mani hannu kamar za ta karɓi allura, ta ce, "Ina kwana." Azahar ta wuce. Na ce, "Lafiya lau, ƴar Turai," na jawo ta jikina, na ji ta sandare kamar itace. Duk hanya bisa amalanke ba ta dube ni ba. Ni kuwa ina ce wa raina, bari dai mu kai bango.

Da munka shiga gida, abin da na fara gani ɗuwawun awaki ne a jere. Nawa, na aminiyata, da na mutanen da ban ma san su ba, har da wata tunkiya. Duk sun sa baki a bangona suna lasa kamar an kira su walima. Wani jan bunsuru ya miƙe bisa ƙafafun baya ya dafa motar Yamai shina cin tayoyinta. Rijiya ta tafi. Gona ta tafi, sai kawunan zangarniya. Rumbuna sun zama huluna suna shawagi. Jakina babu abin da ya rage sai kunne biyu, ni kuma da ke bisanshi an cinye ni har wuya. Iya inda akuya ke kaiwa in ta yi miƙa, an share shi tas, har sun yi rami cikin yaɓen.

Ban san sadda na ɗauki taɓarya ba. Na bi su ina zagi, ɗankwalina ya faɗi, takalmi ɗaya ya fita. Suna tserewa suna dawowa ta bayana. Na juya kan aminiyata na ce, "Ke da kanwarki! Duk iskokin da kike yi wa hidima babu wanda ya gaya maki akuya na shan kanwa?"

Ta ce, "Ke da kika yi karatun manya fa? Ba a rubuta maku a allo ba?"

Sai na ji wata irin ƙara bayana. Na waiwaya. Yarinyar ce. Ta durƙushe ƙasa riƙe da ciki tana dariya har ba ta iya numfashi, tana nuna bunsurun nan da yatsa. Na duba, ashe gemunshi da harshenshi sun yi shuɗi fes, ya tsaya shina kallonmu kamar wani attajiri da ya sha rawani sabon rini. Duk awakin bakinsu shuɗi da ja. Ni ina tsaye ba ɗankwali, taɓarya a hannu, hawaye na gab da zubo mani. Da na ga haƙoran yarinyar nan waje, karo na farko tun da anka haife ta, sai na aje taɓaryar.

Da ta lafa sai ta tashi ta nufi bangon. Ta fara daga farko tana bi a hankali, hannu a baya, kamar yadda uwarta ta bi da salula cikin coci. Ta ɗaga kai ta dubi taurari. Ta juyo ta yi wa uwar magana da sauri da yarensu.

Na ce, "Mi ta ce? Kada ki gyara, faɗa mani yadda ta faɗa."

Ɗiyata ta ce, "Ta ce irin na cocinsu ne. Ta ce can ma ƙasan bangon damshi ya cinye shi, wani wurin kai kaɗai ya rage, malamarsu kan sa su faɗi abin da ya ɓace. Tana tambaya wa ya yi."

Na bugi ƙirjina. Yarinyar ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da ba ta taɓa yi mani ba. Sai ta sa yatsa bisa kunnuwan nan biyu, ta buɗe baki ta yi kukan jaki. Na ce, "Jaki!" Ta ce, "Jaki." Ta nuna kan da ke bisa, ta nuno ni. Na gyaɗa kai. Ta nuna ɗan dunƙulen da ya rage na kan jaririya, na nuna uwarta. Ta zaro ido, ta dubi uwar tata ƙatuwa, ta sake fashewa da dariya.

Washegari ina alwalar safe na ga mutum tsaye kaina. Yarinyar ce, ta ɗaure rigarta a ƙugu, tana yi mani alama da tafin hannu kamar mai shafa bango. Ban tada uwarta ba. Munka kankare abin da ya rage daga ƙasa, na kwaɓa sabon yaɓe, wannan karon da kashin shanu da ruwan bagaruwa kamar yadda uwata ke yi, ko ƙwayar kanwa babu. Ta toshe hanci da ta gane mi ke ciki, amma ta sa hannu.

Haka munka yi kwanakin nan. Ni in yaɓa, ita ta zana. Hannunta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Jakinta jaki ne, har aminiyata ta ce yanzu ta gane dabbar. Ni kuma na san ƙasa, in taɓa da bayan hannu in ce, "Ɗanye." In rana ta taso in ce, "Maza, maza, zai bushe!" Kalmominta na farko ke nan bayan jaki: ɗanye, maza, ya bushe. Sai rijiya, guga, hatsi, rumbu, don ba ta zana abu sai ta ja ni mun je ta gan shi da idonta. Na kai ta ta ga raƙumi na gaske wurin Buzayen da sunka sauka bayan gari, ta zana shi gefen rijiya ko da ba shi cikin labarin. Na ce uwar ta gaya mata in ta koma ta nuna wa mutanen cocin. Da anka zuba mata tuwo da zafi ta taɓa ta ce "ɗanye", gidan duk anka kwashe da dariya, ita ma ta yi, ba ta gudu ba.

Gida na ƙarshe, wanda na bari fili, ta ce nata ne. Na yaɓa mata, ta kore ni da hannu, ta sa sauran jikokina sunka riƙe zana sunka kare ta. Ina jin su suna ƙus-ƙus suna ƙyalƙyata. Da anka janye zanar na matso.

Tsohuwa ce a guje, kai ba ɗankwali, gashi a tsaye, takalmi ɗaya na tashi sama, taɓarya a hannu. Gabanta jan bunsuru da shuɗin gemu ya waiwayo. Kuma ta yi wa tsohuwar fuska: baki wangame da haƙori ɗaya tal.

Na ce, "Ni ce wannan?"

Ta ja baya inda hannuna ba ya kaiwa, ta dubi sauran yaran, da gani sun koya mata. Ta ce, "Kaka. Tsohuwa mai haƙori ɗaya."

Na ce, "Uwaki! Zo nan, ƴar banza mai ƙafa kamar ta zalɓe!" Na cire takalmi na bi ta, ta zagaya rumbu tana ihu tana "Maza, maza, kaka!" Uwarta na bakin murhu tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi.

Da la'asar ƙanena ladan ya shigo. Ya bi bangon gida-gida har ya kai na ƙarshe, ya tsaya. Na ce, "To, ka ga fuska. Ba ni na yi ba, sai ka yi wa jikanyarka wa'azi da Italiyanci." Ya daɗe shina kallo, gemunshi na rawa. Ya ce, "Yaya, abin da anka hana shi ne kwaikwayon halitta. Wannan kuwa ban ga wanda ta yi kama da shi ba cikin bayin Allah, sai ke."

Bangon na nan. Damina ta ɗan ci gefen jirgin sama, bula kuma ta koɗe, ba za ta yi shekarun na Turawa ba. Na sa an yi mashi shingen ƙaya duk da babu kanwa, don bunsurun nan har yau in ya wuce sai ya tsaya ya duba. Yanzu in salula ta yi ƙara ba uwar ke fara magana ba. Yarinyar ce ke ƙwace ta, ko gaisuwa babu, ta ce, "Kaka, buɗe baki in gani, haƙorin na nan?"